Fushi Ma Yana da Mudu: Sharhi Kan Bidiyon Davido da Yadda Ake Rama Cin Mutunci



Tun da bidiyon nan na Davido ya fita a watan Yulin 2023, maganarsa ba ta bar bakin mutanen unguwar nan ba. A teburin mai shayi ita ake yi, a wurin 'yan canji ita ake yi, haka nan idan aka zauna a ƙofar masallaci tsakanin Magariba da Isha'i. Shi mai bidiyon ya riga ya goge abinsa, amma gardamar da ya bar mana tana nan, domin ta wuce batun bidiyo. Abin da ake ja a kai shi ne: idan aka taɓa addininmu, ko aka ci mutuncin ƙabilarmu da baki, a garin da muke 'yan kaɗan, me ya kamata mu yi, kuma ina ya kamata mu tsaya?

Mutane sun rabu biyu. Kashi na farko, galibi samari masu jini a jika, suna cewa laushinmu ne ya sa ake raina mu, da a ce duk wanda ya taɓa mu yana ɗanɗana kuɗarsa da tuni an daina. Kashi na biyu, galibi dattawa masu shaguna da iyali, suna cewa mu baƙi ne, baƙo kuwa ba ya ɗaga murya a gidan mutane, a haɗiye a ci gaba da neman abinci. Mun saurari kowane kashi da kunnen basira. Samari sun yi gaskiya da suka ce mutunci ba abin wasa ba ne. Dattawa ma sun yi gaskiya da suka ce wuta idan ta tashi ba ta tambayar gidan wa za ta ci. Inda muka saɓa da su duka shi ne, kowannensu ya ɗauki amsa guda yana so ya auna kowane irin laifi da ita. Mu kuwa 'yan kasuwa mun san ba a sayar da zinariya da mudun gero.

Abin da ke cikin bidiyon

Ga wanda bai gani ba, ɗan guntu ne da bai kai minti ɗaya ba. Davido ya sa shi a shafukansa don tallata waƙar wani yaronsa mai suna Logos Olori, waƙar da ake kira "Jaye Lo". An nuna maza sanye da fararen jallabiyoyi da huluna a kan darduma kamar masu salla, sai kuma ga su sun ɓarke da rawa. Shi mawaƙin yana zaune a kan lasifika a saman wani gini mai kama da masallaci.

Ra'ayinmu a nan ba shi da kwana-kwana: abin da aka yi bai dace ba, kuma waɗanda ransu ya ɓaci suna da hujja. Salla ba kayan ado ba ce da za a ara a yi wasa da ita a mayar. Jallabiya da hula kowa na iya sawa, ba mu da ta cewa. Amma tsayuwa a sahu, da darduma, da lasifikar da ake kiran salla da ita, waɗannan duk wanda ya girma a ƙasar Yarbawa ya san me suke nufi, domin babu unguwar da za ka shiga a Ibadan ko Legas ba ka ji kiran salla ba. Saboda haka uzurin rashin sani ba ya karɓuwa sosai. Abin da ya fi kama da gaskiya shi ne an nemi abin da zai ja ido ne, ba a damu da wanda zai ji ciwo ba.

Farfesa Wole Soyinka ya fito ya ce Davido ba sai ya ba kowa haƙuri ba. Muna girmama furfurarsa da iliminsa, amma a nan ba mu tare da shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kuma wannan ra'ayi ya saɓa wa tarbiyyar Yarbawa kanta, wadda muka zauna cikinta muka gani da idonmu. Bayarabe idan ya taka ka, kafin ka buɗe baki ya ce maka "e ma binu". Yaro idan ya yi wa babba laifi, kwanciya yake yi rub-da-ciki. Mutanen da suka ɗauki ban haƙuri da wannan girma, ba a kansu za a fara cewa ban haƙuri faɗuwa ce ba.

Sannan akwai batun adalci. Duk shekara idan dodon Oloolu zai fito a garin nan, sanarwa ake yi cewa mace kada ta gan shi. Matanmu da 'ya'yanmu mata sukan kauce wa hanyarsa, masu talla su haƙura da cinikin ranar. A garuruwan da ake yin Oro ma haka 'yan'uwanmu suke rufe ƙofa da dare. Ba don mun yi imani da abin ba muke yi, sai don zaman tare. To wanda ake roƙo ya kiyaye alfarmar abin da wasu suke girmamawa, ai shi ma yana da bakin da zai ce a kiyaye tasa.

Abin da ya yi aiki, da abin da bai taɓa yi ba

Yanzu mu duba yadda aka yi da lamarin. Mutane sun yi magana, sun yi rubutu, sanannu da waɗanda ba a sani ba. Ba Hausawa kaɗai ba: Musulmin Yarbawa sun yi, ƙungiyar MURIC da Farfesa Ishaq Akintola ke jagoranta ta yi. Cikin 'yan kwanaki aka sauke bidiyon. Iyakar abin da ya kai ga hannu shi ne wasu matasa a Maiduguri da suka yage hoton mawaƙin suka ƙona. Ba a rasa rai ba, ba a rufe kasuwa ba, babu wanda ya kwana a bariki. Gaskiya ne bai fito ya ce a yi haƙuri ba, kuma wannan naƙasu ne a gare shi. Amma abin da aka nema na farko, wato a cire, an samu, kuma da baki aka samu.

Samarinmu da yawa ba a haife su ba, ko suna goye, lokacin da aka bi ɗaya hanyar, don haka bari mu tuna musu. A watan Nuwamban 2002, cikin azumi, wata 'yar jarida mai suna Isioma Daniel ta rubuta magana marar kyau game da Manzon Allah SAW a jaridar ThisDay, a kan gasar sarauniyar kyau ta duniya da za a yi a Abuja. Maganar ta yi muni, babu Musulmin da zai ji ta bai ji zafi ba. Jaridar ta buga ban haƙuri, ba sau ɗaya ba. Duk da haka aka ƙona ofishinta na Kaduna, rikici ya ɓarke, sama da mutum 200 suka mutu, Musulmi da Kirista. Ita marubuciyar ta bar ƙasar da ranta. Gasar aka ɗauke ta aka kai Landan aka yi. To wa aka hukunta? Mai faci, da mai sayar da rake, da yaron da aka aika sayen kalanzir, mutanen da mafi yawansu ba su taɓa riƙe jaridar ba balle su karanta.

Na 2006 ya fi kusa da mu. Wata jarida a ƙasar Denmark ta buga zanen ɓatanci ga Annabi SAW. A watan Fabrairu aka yi zanga-zanga a Maiduguri, ta rikiɗe ta koma kashe Kiristoci da ƙona coci-coci. Bayan 'yan kwanaki aka rama a Onitsha. A kan wa? A kan irinmu: Hausawa mazauna can, 'yan tireda da masu sayar da albasa da mahauta. Wasu suka gudu bariki, wasu suka tsallake gadar Neja zuwa Asaba da kayan jikinsu kawai. Mai zanen yana can Turai ko ƙwarzane bai samu ba. Kafin nan ma, a watan Yulin 1999, an yi ta a Shagamu a kan Oro, aka kashe mutanenmu, sai aka tashi a Kano aka huce kan Yarbawan da ke can. Kowane ɓangare ya kashe wanda ya fi kusa da hannunsa, ba wanda ya yi laifin ba.

Wannan shi ne abin da muke so 'yan'uwanmu na gida Arewa su gane, kuma muna roƙon duk wanda wannan mujalla ta shiga hannunsa ya isar musu. Duk dutsen da aka jefa a Kano ko Kaduna da sunan kishi, a kan rufin Sabo yake sauka, ko na Agege, ko na Shagamu, ko na unguwar Hausawa ta Owerri. Lokacin da wasu ƙungiyoyin matasa suka taru a Kaduna a watan Yunin 2017 suka ba Ibo wa'adin barin Arewa kafin 1 ga Oktoba, su da suka yi maganar a gidajensu suka kwana. Waɗanda barci ya ƙaurace wa su ne Hausawan Aba da Onitsha.

Darasin Shasha

Ba sai mun je nesa ba. A watan Fabrairun 2021, a kasuwar Shasha da ke nan ƙaramar hukumar Akinyele, abin da ya tayar da wutar kayan miya ne da suka zube a ƙofar shagon wata mata daga hannun wani ɗan dako. Aka yi cacar baki. Wani mai gyaran takalma ya shiga, aka buge shi, daga baya ya rasu. Washegari kasuwa ta kama da wuta. An rasa rayuka, an ƙona shaguna da gidaje, Gwamna Seyi Makinde ya rufe kasuwar ya sa dokar hana fita, har gwamnonin Kano da Kebbi da Neja da Zamfara suka zo Ibadan da kansu. Haka na Sabon Ile-Ife a watan Maris na 2017, wanda 'yan sanda suka ce mutum 46 ne suka mutu, shi ma daga sa-in-sa tsakanin mutum biyu ya faro. Da a ce a minti biyar na farko an sami dattijo ɗaya da ya ce "a yi haƙuri, a kawo tsintsiya", da yau ba mu san sunan ranar ba. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.

Abin da ya biyo bayan Shasha ma ya cancanci a auna shi, domin har yau ana kawo shi misali a majalisu. Haɗaɗɗiyar ƙungiyar dillalan kayan abinci da shanu ta hana kawo kaya Kudu a ƙarshen watan nan na Fabrairu, aka tare tireloli a Jebba, har kusan mako guda kafin a janye bayan shiga tsakanin gwamnan Kogi na lokacin, Yahaya Bello. Masu yabon matakin suna cewa shi ne ya sa gwamnati ta san da mu, kuma ba a zubar da jini ba. Wannan gaskiya ne, kuma ya fi ɗaukar adda nesa ba kusa ba. Amma mu da muke cikin kasuwa mun ga ɗaya fuskar. Tumatir ba ya jiran sulhu. Manomin Kura da na Kadawa kayansa suka faɗi warwas, wasu suka ruɓe a kwando. A nan kuwa matar da ta zo Bodija sayen attaruhu, wadda ba ta taɓa taka Shasha ba, ita ta biya kuɗin fushin. Sannan ya ba masu cewa a daina dogaro da kayan Arewa abin faɗa. Irin wannan makami, idan har za a zare shi, to sai a kan abu mai girma kamar asarar rayuka da dukiya, kuma na ɗan lokaci, da buƙata bayyananna. Masu cewa a sake yin haka saboda bidiyon mawaƙi, ko saboda wani ya zage mu a intanet, ba su taɓa zuba jarinsu a mota suna jiran ta iso ba.

Da wane mudu za a auna?

Addinin da ake cewa ana kare shi bai bar mu babu ma'auni ba. Duk wanda ya zauna a Islamiyya ya san waɗannan, sai dai fushi kan sa a manta.

Abu na farko, a tabbatar. Suratul Hujurat ta umarce mu da bincika labari kafin mu ɗauki mataki, don kada mu cuci mutane cikin jahilci mu dawo muna nadama. A yau mai kawo labarin waya ce. Saƙon murya ya shigo WhatsApp, ba a san wa ya yi ba, ba a san yaushe ba, an yanke farkonsa an yanke ƙarshensa, wani ya fassara shi daga Yarbanci yadda ya ga dama. Sau da yawa bidiyon da ake cewa na jiya ne, na shekarun baya ne, ko ma na wata ƙasa. Wanda ya tura irin wannan zuwa rukuni goma ya rubuta "a yaɗa saboda Allah", ya sani idan aka zubar da jini a kansa yana da kamasho.

Abu na biyu, a bambanta laifi da laifi. Kalmar "aboki" ta ishe mu misali. Tamu ce, kuma mai kyau ce, a bakin wasu ne ta lalace. Tsohuwar da ta tsaya a gaban tireda ta ce "aboki, nawa ne sukari?" ba ta nufin komai, sunan da ta sani ke nan. Wannan murmushi ne maganinta, in ka so ka gaya mata sunanka, gobe da shi za ta kira ka. Yaron da ya ce wa abokinsa "kai aboki ne?" yana nufin wawa, wannan raini ne, a gyara masa da baki cikin natsuwa. Ma'aikacin da ya ƙi duba takardarka, ko mai gidan da ya hana ka haya, yana cewa ba ya hulɗa da aboki, wannan ya wuce zagi ya zama tauye haƙƙi, sai a kai ƙara. Wanda kuma ya hau rediyo ko intanet yana cewa a kori Hausawa ko a far musu, wannan barazana ce ga rai, ba a kwana da ita, hukuma ake kai wa a ranar. Kalma ɗaya ce, amma hukunci huɗu. Mai mayar da martani iri ɗaya ga dukkansu, ko dai ya zalunci tsohuwar nan, ko ya yi sakaci da mai barazanar.

Abu na uku, ramuwa ba ta wuce girman laifi, kuma ba ta tsallake mai laifi. Ƙarshen Suratun Nahli ya iyakance ramuwa ga kwatankwacin abin da aka yi wa mutum, ya kuma nuna haƙuri ya fi. A wurare da dama Alƙur'ani ya maimaita cewa wani ba ya ɗaukar nauyin zunubin wani. To ta ina magana za ta zama daidai da rai? Ta ina laifin mawaƙi a Legas zai hau kan mai gyaran mota a Mokola? Karin maganar nan da ake cewa ramuwar gayya ta fi gayya zafi, labarin halin mutane take bayarwa, ba fatawa ba ce.

Abu na huɗu, a duba abin da zai biyo baya. A yaƙin Banul Musɗaliƙ, mutum biyu suka yi faɗa a bakin ruwa, ɗaya ya kira Muhajirai, ɗaya ya kira Ansaru. Manzon Allah SAW ya tsawatar, ya kira wannan kiraye-kirayen jahiliyya. Abdullahi ɗan Ubayyu ya sami ƙofa ya faɗi mummunar magana, cewa idan aka koma Madina masu daraja za su fitar da ƙasƙantattu. Sayyidina Umar ya nemi izinin kashe shi. Annabi SAW ya hana, saboda abin da mutane za su ɗauka su yaɗa. Maimakon haka sai ya sa aka tashi tafiya a lokacin da ba a saba ba, aka yi ta tafiya yini da dare har gajiya ta sa da aka sauka kowa ya ɓingire da barci, maganar ta mutu. Haka kuma lokacin da wasu Yahudawa suka murɗe sallama ta koma addu'ar mutuwa a kansa, gajeriyar amsa ya mayar musu, da Nana A'isha ta zazzaga musu kuwa sai ya nuna mata sassauci ya fi. Wanda aka zaga ke nan da kansa. Babu wanda zai zo yau ya ce ya fi shi kishin addininsa.

Mun san abin da wasu za su ce: ai zagin Annabi yana da hukunci a littattafan fiƙihu. Ƙwarai yana da shi, ba mu musa ba. Amma littattafan da suka kawo hukuncin su ne suka ce aikin alƙali ne da shugaba, bayan shaidu da bincike da jin ta bakin wanda ake tuhuma. Babu malamin kirki da ya taɓa karantar da mu cewa taron kan titi kotu ne. Wanda ya ɗauki doka a hannunsa ya ƙara laifi ne a kan laifi.

Shiru ma ba shi ne mafita ba

Yanzu ga namu da iyayenmu dattawa, cikin ladabi. Cewa mu baƙi ne, a yi shiru, ya yi rauni. An kafa unguwar nan tun 1916. Akwai gidajen da kaka da jika duk a nan aka yanke musu cibiya. Kakanninmu da goro da shanu suka gina ta, mu ma muna biyan haraji muna jefa ƙuri'a a nan. Tsarin mulkin 1999, a sashe na 41 da na 42 da na 43, ya ba kowane ɗan Nijeriya damar zama inda ya so, ya mallaki gida, kuma kada a nuna masa bambanci saboda ƙabila ko addini. Girmama masu gari wajibi ne, kuma muna yi. Amma girmamawa daban, tsoro daban.

Kuma shirun yana da tsada. Idan yaro ya ga an ci mutuncin ubansa a kasuwa, manya sun sunkuyar da kai, babu wanda ya ce uffan, to ya koyi cewa hanyar manya ba ta da amfani. Ranar da aka sake yi, ba zai zo wurinku ba, wurin abokansa zai je. Yawancin fushin da ke fashewa a titi, fushi ne da aka hana shi ƙofar fita tun da wuri. Suratun Nisa'i ma ta ba wanda aka zalunta damar ɗaga murya ya faɗi abin da aka yi masa.

Ƙofofin kuwa suna nan. Sashe na 204 na kundin laifukan da ake aiki da shi a jihohin Kudu ya haramta cin mutuncin addini a bainar jama'a da gangan, da hukuncin ɗaurin shekara biyu. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta hana zagi da barazana ga mutane saboda ƙabilarsu ko addininsu. Gidan rediyo ko talabijin idan ya saki baki, akwai hukumar NBC da ake rubuta wa ƙorafi. A cikin gari akwai fadar Sarkin Hausawa, akwai Baale na kowace unguwa, akwai Babaloja da Iyaloja a kasuwanni, akwai majalisar limamai da alfa-alfa ta ƙasar Yarbawa, har zuwa fadar Olubadan. Takarda guda mai sa hannun dattawa goma, da Hausa da Yarbanci da Turanci, wadda ta faɗi abin da aka ce, da wanda ya ce, da abin da muke nema, ta fi saƙon murya dubu nauyi.

Shawararmu ita ce unguwa ta tsayar da 'yan mutane kaɗan don wannan aiki tun yanzu da ake zaune lafiya, domin ba a fafe gora ranar tafiya. A sa dattijo, a sa malami, a sa mace daga cikin iyayenmu masu kasuwanci, a sa samari biyu masu jin Yarbanci kamar ruwa, a nemi lauya ko da ɗaya daga cikin 'ya'yanmu. Duk abin da ya shigo waya, a kai musu kafin a yaɗa. Su bincika, su auna, su faɗa wa jama'a abin da suka gano da matakin da suka ɗauka, kada a wuce kwana biyu. Kuma a riƙa tafiya da Musulmin Yarbawa a duk abin da ya shafi addini, don kada a mayar da shi faɗan Hausa da Yarbawa, wanda shi ne abin da masu neman fitina suke so.

Ga mai son ya hukunta mawaƙi kuwa, hanya a buɗe take, kuma halal ce: kada ka saurare shi, kada ka sa waƙarsa a shagonka, kada a kunna ta a bikin gidanku. Mawaƙi da masu sauraro yake ci. Abin dariya ne a ga saurayi ya gama tsine wa Davido da rana, da dare kuma ga waƙarsa tana tashi a wayarsa. Wanda bai iya hana kunnensa ba, kada ya zo yana neman a rufe kasuwa.

A ƙarshe, mai neman a kiyaye masa harshe shi ma ya kiyaye nasa. Akwai masu kiran duk wanda ba Musulmi ba "arne" a gabansa, da masu ce wa Ibo "inyamuri", da masu kwaikwayon maganar Yarbawa don a yi dariya. Suna zaton ba a ji. Ana ji. Maƙwabtanmu na Mokola da abokan cinikinmu na Bodija da yawansu Hausa a bakinsu kamar Bakano. Suratul Hujurat ɗin nan ta hana izgili da jifa da munanan laƙabi, Suratul An'am kuma ta hana zagin abin da wasu suke bauta wa don kada su rama a kan Allah. Ranar da za mu kai ƙarar wani gaban Baale, abin da zai fara tunawa shi ne yadda yaranmu suke magana da mutanensa. Iyaye a ja kunnen yara, masu shaguna a ja kunnen yaran shago, malaman Islamiyya a sa wannan cikin darasi.

Wanda yake da ja a kan abin da muka faɗa, shafin nan na kowa ne, ya rubuto a buga, ko ya same mu bayan sallar La'asar a tattauna. Allah Ya kare mana mutuncinmu da addininmu, Ya zaunar da Sabo da garin Ibadan lafiya, Ya ba kowa halaliyarsa. Wassalamu alaikum.